Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake sa Google ya yi bincike a shafi ɗaya ko nau'in adireshi ɗaya kawai

Tambayoyin nan su ne ɗalibai masu rubuta furojet da masu neman aiki ko sikolaship suka fi yawan yi in an zo maganar bincike a intanet. Na fara da masu sauƙi, don haka wanda ya riga ya iya rubuta site: zai iya tsallakawa zuwa ƙasa abinsa.

Wai mene ne wannan site: ɗin da ake ta magana a kai?

Umarni ne da kake haɗawa da abin da kake nema a akwatin binciken Google, ka ce masa kar ya je ko'ina, ya tsaya a shafin da ka ambata kawai. Misali in ka rubuta cut off mark haka kawai, abin da zai fara fito maka shafukan 'yan kwashe-kwashe ne masu cike da talla, wasu ma labarin shekara uku da ta wuce suke canza wa kwanan wata. Amma in ka rubuta cut off mark site:buk.edu.ng to duk abin da za ka gani daga shafin Jami'ar Bayero ya fito. Kamar ka shiga Kantin Kwari ne ka wuce layin shadda kai tsaye maimakon ka yi ta zagaye kasuwa.

Ba manhaja ba ce, ba a sauke komai, ba a biyan kuɗi, kuma yana yi a waya kamar yadda yake yi a kwamfuta.

Malam na gwada amma bai yi ba, sakamakon ya zo a cakuɗe. Ina matsalar take?

Kusan ko yaushe tazara ce. Ba a barin sarari tsakanin site: da adireshin. site:jamb.gov.ng daidai ne, site: jamb.gov.ng kuma ba daidai ba ne, Google zai ɗauke su a matsayin kalmomi biyu ya yi maka binciken da ya saba. Kuma abin haushin shi ne kibod ɗin waya da kansa yake saka wannan tazarar da zarar ka danna ɗigo biyun nan, ko kuma ya saka ta bayan kowane ɗigo na cikin adireshin ya zama jamb. gov. ng, wani lokacin ma ya gyara maka buk ya mayar da ita wata kalma daban kai ba ka lura ba. Kafin ka danna bincike ka ɗaga ido ka karanta abin da ke cikin akwatin tukuna.

Ba sai ka sa https:// ba, ba sai ka sa www ba. Gara ma kar ka sa www ɗin, domin in ka rubuta site:jamb.gov.ng zai haɗo har da rassan shafin irin su efacility.jamb.gov.ng, in kuwa ka sa www a gaba ka takura shi ga reshe ɗaya ke nan. Ko ka fara da site: ɗin ko ka sa shi a ƙarshe duk ɗaya ne.

Ni labaran Hausa kawai nake so, yaya zan yi?

Nan ne ma abin ya fi amfani. Manyan kafofi da yawa sashen Hausarsu ba shafi ne mai zaman kansa ba, wani lungu ne a cikin babban shafin, kuma site: yana karɓar lungun. BBC Hausa tana bbc.com/hausa, DW tana dw.com/ha, RFI tana rfi.fr/ha. Wasu kuma a gaba suke sa shi, kamar hausa.legit.ng da hausa.premiumtimesng.com da ha.wikipedia.org, ita kuma Muryar Amurka nata daban ne, voahausa.com. To in ka rubuta farashin taki site:bbc.com/hausa ba za a kawo maka ko layi ɗaya na Turancin BBC ba.

In kana son kafa biyu ko uku a tare sai ka raba su da OR da manyan baƙaƙe: ambaliya Maiduguri site:bbc.com/hausa OR site:dw.com/ha OR site:rfi.fr/ha. In ka rubuta or da ƙananan baƙaƙe ba zai gane umarni ba ne.

Akwai wata matsala tamu ta Hausa da ya kamata ka sani. Wani shafin yana rubuta ƙasa da lanƙwasa, wani ya rubuta kasa, tsofaffin rubuce-rubuce kuma k'asa. Haka ɗalibi da dalibi, ɓarawo da barawo. In ka taƙaita bincike ga shafi ɗaya kuma rubutunka bai yi daidai da nasu ba, sakamakon kan iya raguwa sosai, musamman in ka sa kalmar cikin alamar zance. Maganinsa ka nemi duka biyun: ƙidaya OR kidaya site:voahausa.com.

An ce ana iya cewa shafukan gwamnati kawai ko na jami'o'i kawai. Da gaske ne?

Da gaske ne. Maimakon cikakken adireshi sai ka sa wutsiyarsa kawai. site:gov.ng zai tsaya a shafukan gwamnatin Najeriya, na tarayya da na jihohi, irin su cbn.gov.ng da nafdac.gov.ng da nahcon.gov.ng da kanostate.gov.ng. site:edu.ng kuma manyan makarantu ne, abu.edu.ng da udusok.edu.ng da unimaid.edu.ng da sauransu. Mai neman gurbin aiki zai iya rubuta recruitment 2025 site:gov.ng, mai neman digiri na biyu kuma postgraduate form site:edu.ng.

Dalilin da ya sa waɗannan biyun suke da daraja shi ne ba kowa ake ba wa ba. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da duk adireshin da ya ƙare da .ng, amma gov.ng sai hukumar gwamnati kuma ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ake bi, edu.ng kuma sai makarantar da aka amince da ita. Su kuwa com.ng da .ng zalla, duk mai kuɗin rajista zai iya saye yau ya buɗe shafi gobe. Ka duba amsar da ke ƙasa kan ko wutsiyar adireshi hujja ce, don akwai sauran bayani.

Na sa site:edu amma jami'o'in Amurka kawai nake gani, ina namu?

Ai .edu zalla ta Amurka ce. Tana cikin wutsiyoyin farko da aka fara amfani da su a 1985 tare da .com da .org da .net da .gov da .mil, kuma tun 2001 sabuwar rajista a .edu sai manyan makarantun Amurka da aka tantance, sai dai 'yan tsirarun na waje da suka riga suka samu kafin dokar. Haka .gov zalla ta gwamnatin Amurka ce. Namu sai ka ƙara ng a ƙarshe.

Kowace ƙasa da tsarinta, kuma masu neman sikolaship ya kamata su haddace wasu. Birtaniya ac.uk take amfani da shi, Indiya ac.in, Afirka ta Kudu ac.za. Ghana edu.gh, Malesiya edu.my, Saudiyya edu.sa, shi ya sa Jami'ar Musulunci ta Madina take iu.edu.sa. Jamus da Kanada kuwa ba su da wata wutsiya ta musamman ga jami'o'i, .de da .ca kawai suke sawa kamar kowa, to a nan sai ka san adireshin jami'ar ita kanta. Wanda ya rubuta fully funded masters agriculture site:ac.uk ya huta da dillalan sikolaship masu cewa a turo kuɗin fom.

Na nemi bayanin INEC da site:gov.ng ban ga shafinsu ba, ko sun rufe ne?

Ba su rufe ba, ba a gov.ng suke ba tun asali. Babban shafin INEC inecnigeria.org ne. WAEC ma haka, waecnigeria.org da waecdirect.org, alhali NECO tana neco.gov.ng. NYSC tana da nysc.gov.ng amma fotal ɗin rajistar masu yi wa ƙasa hidima yana ƙarƙashin nysc.org.ng. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma who.int ce, ba .org ba.

Wannan shi ne babban raunin taƙaita bincike da wutsiya, yana tsaftace maka sakamako amma yana iya zubar da na kirki tare da shara kai ba ka sani ba. Shawarata ka fara bincike a buɗe tukuna ka gano ainihin adireshin hukumar, daga takardarsu ko sanarwarsu ta jarida, sannan ka dawo ka kulle binciken a kansa.

To duk abin da ya fito daga gov.ng ko .org gaskiya ne ke nan?

A'a fa. Na farko .org ba ta da mai gadi, kowa na iya saye, ɗan damfara ma yana iya buɗe shafi mai .org da tambarin gwamnati da hoton minista. Na biyu ko gov.ng ɗin, abin da ta tabbatar maka shi ne shafin na hukuma ne, ba ta tabbatar cewa bayanin na bana ba ne. Shafukan hukumominmu da yawa ba a sabunta su, za ka ga sanarwar ɗaukar aiki ta 2019 tana nan daram kamar jiya aka sa. Kuma akan yi wa shafukan gwamnati da na makarantu kutse a cusa musu tallan caca, in ka ga irin wannan a ƙarƙashin edu.ng ba makarantar ce ta sa ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka iya karanta adireshi. Ka nemi karan tsaye na farko mai karkata, wato /, bayan https://, sai ka karanto baya daga nan. Abin da ke dab da karan shi ne mai shafin. efacility.jamb.gov.ng/ na JAMB ne. Amma jamb.gov.ng.rajista.com/ na mai rajista.com ne ko waye shi, ya dai ɗora sunan JAMB a gaba ne don ido ya yaudaru. Haka jamb-gov-ng.com, karan kwance ba ɗigo ba ne. A waya abin ya fi haɗari don akwatin adireshin ƙarami ne, farkon kawai kake gani, sai ka taɓa shi ka ja zuwa ƙarshe.

Nan site: yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. In aka turo maka linki a WhatsApp cewa gwamnati na raba tallafi, kar ka danna, ka ɗauki sunan shirin ka neme shi da site:gov.ng ko a shafin wata kafar labarai da ka yarda da ita. In babu ko'ina sai a wancan linkin, ka san inda aka dosa.

Zan iya cewa shafukan ƙasa kaza kawai? Ni a Maraɗi nake.

Za ka iya. Nijar .ne ce, Najeriya .ng, Ghana .gh, Kamaru .cm, Chadi .td, Sudan .sd. Shafukan gwamnatin Nijar da dama suna ƙarƙashin gouv.ne irin tsarin Faransa mai gouv.fr, kamfanin dillancin labarai na ƙasa kuma anp.ne. To concours site:ne ko communiqué site:gouv.ne zai yi maka aiki, kuma da Faransanci za ka fi samun abu tunda da shi aka rubuta yawancinsu.

Sai dai wutsiyar ƙasa ba ta nufin duk shafukan ƙasar. Jaridar Le Sahel ta Yamai lesahel.org take, Daily Trust dailytrust.com, Punch punchng.com, duk site:ne ko site:ng ba zai kamo su ba. Sannan wasu wutsiyoyin ƙasa an mayar da su haja, .tv ta Tuvalu ce, .ai ta tsibirin Anguilla, .co ta Kolombiya, .ly ɗin da ke bit.ly ta Libiya ce, amma masu amfani da su ba ruwansu da waɗannan ƙasashe. Ita .cm ta Kamaru kuma 'yan damfara sun daɗe suna sayen sunaye a cikinta don su tare wanda ya manta o wajen rubuta .com.

Wasu suna zaton in sun shiga google.com.ng sakamakon Najeriya zalla za su samu. Tun 2017 Google yake duba inda kake zaune ba adireshin da ka shiga ba, a 2025 ma ya sanar da cewa zai riƙa juya adiresoshin ƙasashe zuwa google.com. In yankin wata ƙasa kake so, a saitin bincike ake canzawa.

Akwai shafin da ya dame ni, kullum shi ke cika min sakamako. Ana iya korarsa?

Sa alamar ɗebewa a gaba, manne da site ɗin. ɗinkin atamfa -site:pinterest.com zai kawo komai ban da Pinterest. Kana iya jera su da yawa, -site:facebook.com -site:tiktok.com, kowanne da tasa alamar. Ana kuma haɗa shigarwa da cirewa wuri ɗaya, misali admission list site:edu.ng -site:abu.edu.ng, duk makarantu ban da ABU. Dokar tazarar nan ta amsa ta biyu tana aiki a nan ma, in ka raba alamar da kalmar ta tashi a banza.

Furojet nake rubutawa, yaya zan samu takardun PDF kawai daga inda malamina zai yarda?

Haɗa site: da filetype: shi ne aikin. girl child education Kano filetype:pdf site:edu.ng zai kawo takardu daga rumbunan jami'o'i. In alƙaluma kike nema 'yar'uwa, je ki gidan masu su, inflation filetype:pdf site:nigerianstat.gov.ng na Hukumar Ƙididdiga, ko site:cbn.gov.ng, ko site:ncdc.gov.ng in maganar cututtuka ce. Mujallun ilimi na Afirka da yawa suna ajol.info. Ban da pdf akwai docx da pptx da xlsx.

Akwai wasu ukun da suke tafiya da site: sosai. Alamar zance tana tilasta jimla ta fito yadda kika rubuta ta, "almajiri education" site:edu.ng. intitle: yana cewa dole kalmar ta kasance a kan taken shafin, ba a tsakiyar rubutu ba. Sai before: da after: da Google ya ƙaro a 2019, ana rubuta shekara sannan wata sannan rana, ko shekarar kaɗai: kasafin kuɗi site:bbc.com/hausa after:2023-05-29, ko ki haɗa after:2015 before:2019 ki ware wani zango. Kwanan watan ba ya cika daidai ɗari bisa ɗari don Google ƙiyasta ranar shafi yake yi, amma yana rage tsofaffin sanarwowin da na ambata a amsar gov.ng.

Kar dai ki cika umarni biyar shida lokaci guda. Fara da ɗaya, ki ga abin da ya fito, ki ƙara na biyu. In kin zuba su duka aka ce babu sakamako ba za ki san wanne ya toshe hanyar ba.

Na tabbata shafin yana nan, na ma taɓa karanta shi, amma site: ya ce babu.

Google ba cikin shafin yake shiga ya duba maka a lokacin ba, kundinsa yake dubawa, wato abin da ya riga ya zagaya ya kwafa. Abin da aka sa yau da safe a ƙaramin shafi mai yiwuwa bai kai gare shi ba tukuna. Abin da ke bayan kalmar sirri, kamar cikin fotal ɗin ɗalibai ko sakamakon jarrabawa, ba ya gani sam. Mai shafi kuma yana iya hana shi da kansa ta fayil ɗin robots.txt ko alamar noindex, wato umarnin da ake sawa a shafi a ce wa Google kar ya kwafa. Sai kuma wata al'ada ta ofisoshinmu, a buga sanarwa a takarda a sa hannu a ɗauki hotonta a ɗora, to in ba a rubuta komai a gefen hoton ba da wuya kalmomin da kake nema su kamo ta.

Google da kansa ya ce site: ba lallai ya nuna duk shafukan da ke kundinsa ba, adadin sakamakon da yake bayarwa ma ƙiyasi ne. Saboda haka in kai ne mai shafin kar ka auna kanka da wannan, Search Console, wato dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka, shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da aka kwafa. In kuma goge shafin aka yi, da can ana amfani da cache: a ga tsohon kwafi amma Google ya cire shi a 2024, yanzu sai ka liƙa adireshin a web.archive.org ka gani ko an taɓa adana shi.

Yana aiki a Facebook da YouTube da WhatsApp?

YouTube ƙwarai, tafsir site:youtube.com yana yi, kuma a sashen hotuna na Google ma site: yana aiki. Facebook rabi da rabi ne, abin da aka bari a buɗe ga kowa kawai ake iya gani, shi ma ba duka ba, abin da ke cikin rufaffen guruf ko na abokai kawai ba ya fitowa. Hirar WhatsApp ba ta cikin kundin Google kwata-kwata. Telegram kuma tashoshin da suke a buɗe sukan fito da site:t.me.

Dole sai Google? Kuma dole sai na haddace duk waɗannan?

Bing da DuckDuckGo da Yandex duk sun san site: kuma rubutun iri ɗaya ne. Tunda kowanne da abin da ya tara, in Google ya ce babu ka gwada Bing kafin ka haƙura. DuckDuckGo yana da wata dabara tasa daban, in ka fara da !w zai jefa ka cikin binciken Wikipedia kai tsaye, !yt kuma YouTube, amma wannan akwatin binciken shafin ne yake buɗe maka, ba irin site: ba ne.

Wanda ba ya son haddacewa ya shiga google.com/advanced_search, fom ne mai gurabe, akwai gurbin shafi ko wutsiya, da na nau'in fayil, da na yanki, ka cike Google ya rubuta umarnin da kansa, daga nan ma za ka koya in kana duba abin da ya rubuta a akwatin. Mai kwamfuta da yake neman abu a shafi ɗaya kullum zai iya shiga saitin Chrome, wajen Search engine, ya ƙara gajeriyar hanya da wannan adireshin: google.com/search?q=site:gov.ng+%s. Wannan %s ɗin shi ne gurbin da kalmarka za ta shiga. In ya ba ta suna gw misali, to ya rubuta gw a akwatin adireshi ya danna tazara ya rubuta abin da yake nema shi ke nan.

Ina cikin yi sai Google ya tsayar da ni ya ce in tabbatar ni ba mutum-mutumi ba ne. Na yi laifi ne?

Ba ka yi laifin komai ba. Manhajojin da ke kwasar bayanai ta atomatik su ma da irin waɗannan umarnin suke aiki, to in ka jero bincike masu site: da filetype: da sauri-sauri sai ya yi zargin ko kai ma na'ura ce. A datar waya abin ya fi faruwa saboda kamfanin layi yakan haɗa mutane da yawa a kan lambar IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, laifin wani ya shafe ka, haka ma in kana kan VPN na kyauta. Ka zaɓi hotunan da ya ce, motoci ne ko fitilun hanya, ka ci gaba. In ya ƙi ƙarewa ka kashe VPN ɗin, ko ka sa wayar a yanayin jirgi ka cire don layin ya sake haɗuwa, ko ka koma Bing na ɗan lokaci da umarnin nan dai da ka rubuta.